Jar Fitila a Ikeja

Asuba, ruwan Legas na dukan kwano.
Ladidi na gaban makirfo,
takardar hukuma ƙarƙashin kofin shayinta.

Jiya ta karanta kukan 'yan tumatir na Mil Sha Biyu,
kwando nawa ya ruɓe a shingen karɓar na goro.
Yau an ce tara, ko kwaɗo a ƙofa.

Mantau direba, a cunkoson Agege,
ya murɗa rediyo, sai shuuu.

Ba mu ƙi linzami ba, ranka ya daɗe,
mai ƙarya a ja shi.
Amma wannan takunkumi ne.
Alƙalin da ke cin tuwon mai ƙara,
wa zai ba gaskiya?

Fitila ta yi ja.
Ta ture kofin:
"Barkanmu da asuba. Kwando ɗari uku ne."