Yadin Tuta

Daren Laraba muka taru a Gamkalle, bayan masaƙa.
Injuna goma sha biyu sun yi shiru,
saura huɗu ke tari kamar tsoho a damina.
Barmu ya hau benci ya ce:
"Asabar za mu fita. A tsuke ƙofar Gaya,
a ɗora wa kayan Kwatano duwan mai nauyi!"
Muka ɗaga hannu.
Ni ne ma'ajin sandika, aka ce in sayo yadin tuta.

Na buɗe gwangwani: jikka huɗu.
Wata uku ba albashi, wa zai zuba?

Na gangara Babbar Kasuwa,
rumfar ƙanwata Kubura.
Ta shimfiɗa farin yadi iri biyu.
Na farko na gane shi tun daga nesa,
zarensa ya bi ta yatsuna,
shekara ashirin da uku ina shaƙar ƙurarsa.
Na biyu ya ƙetaro teku,
ya kwana a kamiyo, ya fi namu sheƙi.

"Naku jikka bakwai," in ji ta. "Wannan, uku."
Na ce, "Kubura, da wannan ake yanka mu."
Ta ce, "Yaya, da wannan na biya wa ɗanka lakwal.
Buhun geron da ke zaurenka,
ka tambaye shi ribar me ta haife shi?
Matan Talaje sun ɗaura sabon zane bana.
Je ka ce su kwance."

Na daɗe ina murza namu.
Na ajiye.

Tankari mai fenti ya rubuta da ja:
A SAYI NAMU, A CECI AIKINMU.
Fentin ya zauna daram, ko nasowa bai yi ba.

Asabar, rana ta take,
ni a gefe, Barmu a gefe.
Na ga babban yatsansa na shafa bakin yadin.
Masaƙi ba ya buƙatar ido.
Ya dube ni.
Na dubi takalminsa na roba, ɗan jirgin ruwa.
Sai muka ɗaga murya tare,
ta fi ta kowa ƙarfi
tun daga gada har ƙofar minista.

Da dare na ɗauko littafin kuɗi.
Jikka ɗaya ta rage a gwangwani,
kuma har yanzu ban sani ba
ko in rubuta ta a shafin riba
ko a shafin hasara.