Darasi da Magarya

Ɗakin gwajinmu na kulle tun bara,
makullin ya bi wani da aka yi wa canji zuwa Konni.
Sai na ratsa kasuwar Tawa da la'asar,
na sayi magarya ta dala ashirin wurin Shipkau,
da aduwa, da sabuwar tsintsiya.
Ta ce, "Mushe, baƙi za ka yi?"
Na ce, "Sittin da uku, kuma duk da yunwarsu."
Na kwana ina huda ƴaƴan itace da ƙusa mai zafi.

Da safe na ɗaga aduwa ɗaya.
Wannan sodiyom ne, na ce,
ƙarfe mai saurin fushi, in ya taɓa ruwa sai wuta.
Elektiron ɗaya gare shi a bakin ƙofa,
ya dame shi kamar tsakuwa cikin takalmi.
Ga kulor can, iska mai shaƙe maƙoshi,
bakwai gare shi, yana neman na takwas
kamar mai awo da tiya ta ƙi cika.
Wannan ya miƙa, wancan ya karɓa,
daga nan ba su sake rabuwa:
mai bashi da wanda ake bi, ƙafa da ƙafa.
Miyagu biyu suka haɗu, suka zama gishiri.
Shi kuka lasa a miyar jiya.

Tankari ya ce daga bayan aji,
"Ashe baffana ma akwai sauran fata."
Aka yi dariya. Na bar su.

Ba kowa ke bayarwa ya janye hannu ba.
Akwai masu zama su ci ƙwarya ɗaya,
ba a san loman wa ke hannun wa ba.
Na soka tsinke biyu jikin aduwa,
magarya nan, magarya can,
ba a miƙe ba, a karkace, kamar gwafa.
Ga ruwa, na ce.
Saboda wannan ɗan karkacewar
yake iya shiga tsakanin gishiri ya yi sulhu,
ya janye kowa gefe, har ido ya daina ganinsu.

Da muka zo kan ƙarfe sai alli ya tsaya mini.
Elektiron nasa ba su da gida ɗaya,
yau nan, gobe can, ƴan ci-rani ne.
Na tuna Nomau ƙanena, shekara shida a Abijan.
Rabin samarin unguwarmu suna kan hanya,
amma tafiyarsu ce ke riƙe da katangun gari.
Shi ya sa maƙeri ke dukan ƙarfe,
ya lanƙwashe, bai karye ba.

Sai Tsahara ta ɗaga biro.
"Mushe, ka ce ƙwayar zarra kusan duk fili ce,
cibiyarta kamar ƙwayar gero
a tsakiyar filin kokowa ba kowa.
To me ya hana hannuna ratsa wannan benci?"

Na ce, nasa na ture naki, naki na ture nasa.
Abin da kike ji tauri, ƙi ne kawai.
Akwai ɗan rata da ba ya rufuwa.

Ta dubi tafin hannunta ta daɗe.
"Ko da na riƙe hannun innata a asibiti?"

Ban da amsa a kaye.
Na ce ɗumin ya ƙetare, wannan na tabbata.
Ta rubuta. Ban ga abin da ta rubuta ba.

Ƙararrawa ta buga.
Kafin in kakkaɓe allin rigata
sun cinye ruwa, sun cinye rabin gishiri,
Tankari na tsotsar oksijin yana yamutsa fuska.
Tsinkaye kaɗai suka bar mini a tebur.
Na tattara, na ɗaure da zare.
Gobe kabon, mai hannu huɗu.
Sai na koma wurin Shipkau.