Buhu Ɗaya da Mudu

Ni ne magatakardan ƙungiya,
don ni kaɗai rubutuna ba ya rawa.
Mu talatin da bakwai ne, fataken riɗi a Gadarif,
muna haɗuwa ran Talata bayan la'asar
a rumfar Babikir Ɗan'azumi,
inda sikeli ya tsufa har ya koyi tari.

Wasiƙa tara na rubuta
da Larabcin ofis, mai naɗi da taƙama:
"Muna roƙon mai girma ya duba."
Mai girma ya duba. Ya yaba tawada.
Ta takwas na tarar ƙarƙashin kofin shayi,
gindin kofin ya yi wa sunayenmu zobe.

Abin da muke nema bai cika tafin hannu ba:
haraji ɗaya, rasit ɗaya,
a ga girmansa daga nan har Bur Sudan.
Kada kowace igiyar da aka gitta a hanya
ta haifi nata hatimi.
Kada doka ta kwana fara ta tashi ja
alhali lori na tsakanin gari da gari,
direba na barci da izinin jiya a aljihu.

Attayib ya ce a rufe kasuwa.
Babikir ya ce, 'yan dako su ci me?
Aka yi ta ja har gahawa ta huce,
har wani ya tono bashin bara.
Sai Hajja Sa'adiyya, wadda ba ta magana
sai an zo batun kuɗin wata,
ta kakkaɓe mayafinta ta ce:
"Ku ara mini buhu ɗaya da mudu.
Gani ya kori ji."

Ran Lahadi muka hau bene, mu shida.
Ɗan dako ya dire buhun gaban teburin darakta,
fanka na juyi a sama kamar mai neman uzuri.
Ta kwance bakin buhu ta ce, "Karanta, yaro."
Ni da furfurata.

Na ce: kuɗin ƙofar kasuwa. Ta ɗebi mudu.
Kuɗin awo. Mudu.
Kuɗin takardar da ke shaida an biya kuɗin awo.
Mudu, da ɗan ƙari.
Igiyar farko, ta biyu, ta bakin gada,
wadda ba ta da suna sai mutum da kujera,
kwana huɗu a layin tashar jirgin ruwa,
canjin da ya zame kafin a buga hatimi.
Tana ɗiba tana tarawa a kan darduma
har tudu ya tashi tsakaninmu da shi,
buhu ya durƙusa kamar raƙumin da ya gaji.

Darakta ya leƙa ciki.
Ya ce, "To, wannan ragowar ta manomi ce?"
Ta ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin mota tukuna.
Manomi bai shigo lissafi ba."

Shiru. Ya tsinci ƙwaya ɗaya daga hannun rigarsa,
ya daɗe yana kallonta, bai ci ba.

Ba zan yi ƙarya ba, kwamiti aka kafa.
Bayan wata uku aka kwance igiya biyu.
Biyar na nan, ɗaya ma ta yi rumfa.
Attayib har yau cewa yake an yi mana wayo.
Babikir ya sayi sabon sikeli.
Hajja ta koma shirunta, tana bin mu kuɗin wata.

Daren jiya na buɗe fayil zan fara ta goma.
A lanƙwasar takarda na tarar da ƙwayar riɗi,
nauyin wasiƙu ya matse ta,
ta bar ɗigon mai daidai wurin sa hannu.
Shi ne hatimi na farko a wannan sana'a
da ba mu biya kowa ba.