Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Ruwa ya tsare mu a Ojuelegba,
kwandasta na ta rantsuwa da Yarbanci,
ni ina murza yatsun da suka ƙage tun asuba.
Sai takwas na kai Idi-Araba.

A ɗakin gwaji kwalabe na jira.
Ba suna, sai lamba.
Mai wannan lambar fayil na tuna shi:
wata shida baya na ƙirga masa,
ɗari da tamanin a ɗigon da bai kai kan allura ba.
Unguwa ce aka kwashe masu gadinta,
ko tari ya zo, shiga yake ba sallama.

Ƙwayoyin T muke ce musu.
Daga ɓargo suke tasowa,
su yi ƙaura bayan ƙashin ƙirji,
wata 'yar tsoka, makarantar da ba ta san tausayi ba.
Wanda bai iya duba fuska ba, ya mutu.
Wanda ya zare wa ɗan gida ido, ya mutu.
Cikin ɗari da ƙyar biyar ke ganin ƙofa.

Wasu aikinsu kururuwa, su tara dangi.
Wasu kisa, ba tambaya ta biyu.
Ƙyandar da na yi a Agege ina 'yar biyar,
har yau akwai mai riƙe da kamanninta a jinina.
Akwai kuma masu cewa: ya isa,
a mayar da wuƙa kube.

Su ne nawa suka yi sanyi.
Dakta Oyebanji ta juya hannuna, ta ce,
Hansatu, naki ba ƙarewa suka yi ba,
sun dai manta ke ce.
Kullum dare suna kai hari gaɓoɓina,
da gaskiyarsu, da himmarsu,
ni nake ciyar da su kuma.

Wuta ta ɗauke. Janareto ya yi tari, ya kama.
Na'ura ta tsotsi jinin, ta yi shiru,
sannan ta rubuto:
ɗari huɗu da talatin.

Wato wani a cikin Legas ɗin nan,
ko ɗan dako ne a Mil Tuwal, ko malamar makaranta,
ya haɗiyi ƙwayarsa kowane dare,
ko da garin rogo ne kaɗai a ciki.

Biro ya zame mini sau biyu.
Na kama shi da hannu biyu,
na rubuta huɗun da kyau,
don kada a karanta ta ɗaya.