Ƙwallo Ta Bayan Bango

Ran Juma'a, kafin rana ta faɗa
bayan rufin gidajen Villa Crespo,
jikana Uriel ya kashe wayarsa
kamar wanda ake cire wa haƙori,
ya tura ta aljihun tebur
kusa da makullin shago
da takardar kuɗin wuta da na ƙi buɗewa.

Tova ta kunna kyandir biyu,
ta rufe ido da tafin hannu.
Burodinmu mai kitso yana ƙarƙashin ƙyalle.
Kuɗinsa na makon jiya daban, na yau daban,
allin mai gashi ya fi murhunsa aiki.
Na sa albarka, na gutsura, na dangwali gishiri.
Gishiri dai bai tashi ba tukuna.

Gobe ƙarfe uku 'yan shuɗi da rawaya za su buga,
in suka sha kashi, sai rukunin ƙasa.
Shekara sittin da ɗaya ina binsu
kamar mai bin bashin da ya san ba za a biya ba,
kuma ban taɓa kallon wasan Asabar ba.

Da safe, a ƙafa, zuwa majami'a.
Turakun siminti na nan a bakin ƙofa,
mun saba da su har yara na zama a kai.
Ɗan sandan ya tambayi gwiwata,
na ce tana gaishe shi.
Bayan addu'a, kan kifi mai gishiri,
Natalio da Hersh suka rushe gwamnati,
suka kafa wata, suka rushe ta ita ma.
Wani ya ambaci yaƙi, cokula suka tsaya.
Ƙanwata Bluma a Haifa ta ce kada in damu.
Tun muna yara, in ta faɗi haka
ba na barci.

Ƙarfe uku.
Na ja kujera jikin bango, Zabura a cinya.
Ban roƙi maƙwabcina Don Evaristo komai ba,
doka ta hana in roƙa.
Amma Ubangiji da ya ba mu Asabar
shi ya toshe wa Evaristo kunne,
sai ya ƙure muryar talabijin har tangaran na rawa.

Mai sharhi ba ya ratso bulo sosai,
sai dai gunji, kamar ruwan sama a wata unguwa.
Evaristo muke karantawa.
In kujera ta yi ƙara, an kai hari.
In ya zagi kakar alƙalin wasa, an busa mana.
In kare ya yi haushi, ba mu sani ba,
karen ba ya goyon kowa.

Tova ta leƙo: ku biyun nan ba ku da ta ido.
Na ce karatu nake.
Ta ce littafin a kife yake.

Ihu ɗaya. Uriel ya miƙe.
Wani ihun, mai kama da na farko,
sai dai wani abu ya fashe a ƙarshensa.
Daga nan shiru,
irin shirun da ba a san ko na biki ba ne ko na makoki.

Muka jira taurari uku.
A Buenos Aires sai ka yi ciniki da hayaƙi kafin ka gan su.
Kyandir mai kitso, ƙanshin kanumfari,
harshen wuta ya mutu cikin ruwan inabi.
Yaron ya yi tsalle zuwa aljihun tebur.
Na riƙe hannunsa: shaƙi kanumfarin sau ɗaya kuma,
yanzu ba mu ci ba, ba a ci mu ba,
kuma Bluma lafiya lau take.

Ya kunna.
Saƙonta ne a sama: hoton kyanwarta kan firji.
Wasa kuwa kunnen doki, sai an sake karawa.
Yaushe?
Asabar.

Na naɗe ragowar burodi na kai wa Evaristo.
A bakin ƙofa ya ce 'yarsa za ta saya masa na'urar ji.
Na ɗaga murya yadda zai ji ni:
da tsadar nan?
Ka bari sai an gama kaka.