Tsokar da Ke Barci

A Tudun Hatsi na Gombe nake ɗaga buhun masara,
kilo ɗari, daga tirela zuwa rumfa,
ban taɓa cewa wash ba.
Da wannan taƙamar na je wurin Gidado
a bayan wani gareji a Bolari.

Ya haɗa ni da Manu ɗan tela,
yaro kamar sillen kara.
Kafin in ɗaga hannu ya taɓa hancina sau uku.
A na huɗu na ji gishirin jini a baki.

Gidado ya ce, "Tsoka biyu ke jikinka.
Ɗaya san noma ce, tana wuni tana ja.
Ɗayar harshen hawainiya,
barci take sai ƙuda ya gifta.
Ka ƙosar da sa, ka bar harshe da yunwa."

Yanzu bayan asuba
ina tsalle kan tayar tarakta, sau biyar kacal,
in maka wa bango ƙwallon yashi kamar ya ci bashina.
Gudu taki ashirin, sai ya ce, "Zauna."
Zaman nan ya fi buhu nauyi.
"Gajiyayye ba ya koyon sauri," in ji shi,
yana ɓare gyaɗa.

Yakan saki murfin kwalba daga tsayin kafaɗa.
Wata biyu ina jin ƙararsa a siminti.

Jiya ban ji komai ba.
Na buɗe tafina, ga shi kwance,
haƙoransa sun shata min fata.
Manu ya dube ni,
ya ƙara ɗaure igiyar safar hannunsa.