Akwatin Murya a Valparaíso

Shekara talatin da ɗaya ina kaɗa jita
a gindin matakalar tudun Cordillera,
ban taɓa roƙon lantarki ya taya ni magana ba.
Katako da tsirkiya shida sun ishe ni.
Amma motocin haya sun yi yawa yanzu,
iskar teku kuma sai ta kwashe rabin abin da na kaɗa
ta kai wa jiragen ruwa,
su da ba sa jefa ko sisi a hula.

Ranar Talata na shiga shagon Ximena Oyarzún,
jitata a baya kamar goyo.
Ta jera mini amsa-kuwwa uku a kan benci.

Na farko ƙato ne, baƙi, mai maɓalli goma sha biyu.
Na soka waya, na taɓa tsirkiya ɗaya,
gilashin taga ya yi rawa.
Wannan ba muryar jitata ba ce,
muryar mai neman ƙuri'a ce a dandali.
Na ɗaga shi, kafaɗata ta ce:
tsoho, taki ɗari da sittin da uku ke jiran mu da yamma.
Na ajiye.

Na biyu zai shige aljihun kwat,
araha kamar burodin jiya.
Sauro a cikin gwangwani.
Ximena ta riga ni dariya.

Na uku ya sha hannu.
Kusurwarsa ta ɓare,
an ɗaure mariƙinsa da zaren kamun kifi.
Kilo huɗu. Batir na awa shida, in ji ta,
sai ta dubi hannuna, ta ce,
"Biyar, idan gaskiya kake so."
Wannan ragin ya fi mini ragin kuɗi daɗi.

Na kaɗa a hankali.
Ya bar mini kukan yatsa idan ya zame a kan tsirkiya,
ya bar ɗan gurnanin tsagar nan
da jitar ta samu daren da ƙasa ta girgiza,
bai shafa mata hoda ba,
bai mai da ita yarinya ba.

Sai dai kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki,
na dama kuwa yana yi mini ƙarya don ya faranta mini.
Na ce, "Ximena, ara mini kunnenki.
Tsallaka titi, ki tsaya wajen mai sayar da albasa.
In kina ji na, ɗaga hannu."

Ta bar shago a buɗe, ta tsallaka.
Na zauna a bakin ƙofa, akwatin tsakanin ƙafafuna,
na murɗa maɓalli zuwa huɗu, ban wuce ba.
Hannu ya tashi.
Mota ta zo da hayaƙinta, ta raba mu,
na ci gaba da kaɗa wa ƙarfe da taya,
zuciyata tana ƙirga.
Da motar ta wuce,
hannun yana nan a sama,
kuma mai albasa ya daina awo.

Na biya rabi, sauran sai ƙarshen wata.
Ta rubuta sunana a littafi, Eleodoro Barría,
ta manta ɗigon da ke kan wasalin, ban gyara mata ba.

Da yamma na hau.
A taki na tamanin na tsaya na sauya hannu,
zaren kifin ya yi mini zane a tafi.
A ƙasa fitilun tashar jirage sun fara kamawa ɗaya ɗaya.
Na rasa wa zan gaya wa,
sai na gaya wa jitar:
gobe, ke da kike raɗa tun ina saurayi,
za a ji ki har wajen mai albasa.
Kada ki ce komai sabo.
Faɗi abin da kika saba faɗa.